FILIN MASU MOTA: Bel Ɗin Tayimin Ba Ya Sallama Kafin Ya Tsinke

  

A cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai guda biyu da suka zo da tambaya iri ɗaya. Ta farko daga wani direban tasi ne a Aboabo, ta biyu kuwa daga wata Hajiya ce a Asawase wadda ta sayi mota ta ba wani yaro yana yi mata aiki da ita. Su duka biyun cewa suke yi sun kai mota wurin fita domin famfon ruwa yana ɗiga, sai fita ya ce a canja har da bel ɗin tayimin, alhali kuwa bel ɗin lafiyarsa lau. Hajiya ta rufe wasiƙarta da cewa, "Malam, don Allah a gaya mini gaskiya, ko dai so yake yi ya ci kuɗina?"

To Hajiya, ban san fitanki ba, saboda haka ba ni iya rantsuwa a kan zuciyarsa. Amma a kan wannan magana dai gaskiya ya faɗa miki. Kafin in kawo dalili, bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu, domin ni ma ba a littafi kaɗai na koyi wannan karatu ba.

ABIN DA YA SAMI ƘANENA

Ina da ƙane wanda ya daɗe yana tuƙa tasi tsakanin Kejetia da Aboabo da Sawaba. Motarsa Opel Astra ce, mai bawul 16, irin wadda ake kawowa daga Turai bayan an ci moriyarta a can. Ya same ta ne a kan yarjejeniyar nan ta yi-aiki-ka-biya, watau yana kai wa mai mota kuɗi kowane mako har ranar da zai gama biya motar ta zama tasa. Saura 'yan watanni ya gama ke nan sai ya fara jin wani ƙara ƙasa-ƙasa daga gefen injin, kuma kowace safiya sai ya ƙara ruwa a lagireto.

Ya kai ta Magazin wurin wani tsohon masta da muka daɗe muna hulɗa da shi. Masta ya saurara, ya leƙa, ya ce famfon ruwa ya fara gajiya, bel kuma ya tsufa, a sayo su gaba ɗaya tare da tenshina a yi aiki sau ɗaya. Ƙanena ya ji kuɗin, ya tuna da na makarantar yara, sai ya ce a canja bel kawai, famfo ya ɗan ƙara jira. Masta ya ce masa, "Yaro, zan yi maka abin da ka ce, amma ka shaida na faɗa maka." Da ya zo gida ya ba ni labari, na ce masa ya bi maganar masta. Ya ce, "Yaya, ai ruwa ne kawai yake sha, ga jarka nan a but, kullum ina ƙarawa."

Ba a yi wata biyu ba aka tashi bikin 'yar ƙanwar mahaifiyarmu a Tamale. Ya ɗebi tsohuwa da matarsa da yara biyu, suka kama hanyar arewa tun da asuba. Sun wuce Offinso lafiya, sun wuce Techiman lafiya. Kafin su kai Kintampo sai inji ya yi wani ɗan ƙara ya mutu, mota ta gangara gefen hanya ta tsaya. Ya murɗa makulli ya sake murɗawa, ya sa mutane suka tura, shiru. Tsohuwa ta wuni a gindin bishiya da yara, a ƙarshe aka sa su a motar haya suka ƙarasa bayan an ɗaura aure. Ita kuwa tasi, jawo ta aka yi har Kumasi.

Da masta ya buɗe, sai ga boris ɗin famfo ya cije. Da famfo ya tsaya cik, sabon bel ɗin nan da aka saya ya zubar da haƙoransa a kansa, fistin ya daki bawul, bawul da yawa suka lanƙwashe. Aka sauke kan inji, aka sayi bawul da gasket, aka sake sayen wani bel ɗin, aka kuma sayi famfon da aka ƙi saye tun farko. Mota ta yi mako uku a Magazin ba ta kawo ko sisi ba, mai mota kuwa bai daina jiran kuɗinsa na mako ba. Sai da 'yan uwa suka haɗa hannu kafin ya tsira da motar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

MENE NE AIKIN BEL ƊIN?

Mai karatu, ko ba ka taɓa riƙe sifana ba za ka gane wannan. A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Ta ƙasa ita ce karanshaf, wadda fistin ke turawa. Ta sama ita ce kamshaf, wadda ke buɗe bawul ta shigar da iska da mai, ta kuma buɗe wani bawul ɗin hayaƙi ya fita. Dole ne sandunan nan biyu su yi tafiya a kan ƙa'ida guda: ta ƙasa ta juya sau biyu, ta sama ta juya sau ɗaya, ba gaba ba baya. Abin da ke riƙe wannan ƙa'ida shi ne bel ɗin tayimin, wani ɗamarar roba mai haƙora wanda aka saƙa zare mai ƙarfi a cikinsa.

Dubi saurin abin. In allurar inji tana kan 3,000, karanshaf na juyawa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. A yawancin injunan zamani, wurin da bawul ke saukowa in ya buɗe, nan ne fistin ke isowa in ya hau sama. Abin da ya hana su karo shi ne ba su zuwa lokaci ɗaya. Ranar da bel ya tsinke, kamshaf ya tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuwa bai san an tsaya ba, sai ya taho da ƙarfinsa ya same su a hanya.

Akwai injunan da aka bar musu fili tsakanin fistin da bawul, waɗanda in bel ya tsinke mota ce kawai za ta mutu, a sa sabo a ci gaba. Tsohuwar Astra mai bawul 8 da inji 1.6 tana cikinsu, haka tsohuwar Corolla mai injin 4A-FE. Wannan ne ya sa za ka ji wani a tasha yana bugun ƙirji yana cewa nasa ya tsinke sau biyu bai yi asarar komai ba. Gaskiyarsa, amma injinsa daban, naka daban. Masu bawul 16 na Opel, da ƙaramar Matiz, da injunan dizal, ba su da wannan rangwame.

Kada kuma a rikita shi da fambel. Fambel yana waje, kana buɗe bonet za ka gan shi yana juya altaneta. In ya saki yana yin kuka, kowa ya ji. Bel ɗin tayimin yana ɓoye a bayan murfi, ba ka ganinsa, kuma sau da yawa ba ya yin wani ƙara kafin ya tafi. Yana iya zama sumul a ido alhali zaren cikinsa ya gama gajiya.

ME YA HAƊA SHI DA FAMFON RUWA?

Famfon ruwa shi ne ke zagaya da ruwa daga inji zuwa lagireto ya huce ya komo. A motoci da yawa, ciki har da Opel da Camry mai injin 5S-FE da Honda mai silinda 6, bel ɗin tayimin ne da kansa ke juya famfon. A tsofaffin Opel ma, famfon ake ɗan murɗawa a ɗaure bel ɗin. Ka ga ke nan wuyansu a igiya ɗaya yake.

Dalili na farko da ya sa ake canja su tare: in famfo ya cije ko boris ɗinsa ya yi lako-lako, bel ne zai biya, kamar yadda ya faru da ƙanena. In kuma ɗiga yake yi, ruwan a kan bel yake zuba. Dalili na biyu, kuɗin aiki. Kafin fita ya kai hannu ga famfon, sai ya kwance duk abin da zai kwance in bel zai canja. Wanda ya canja ɗaya yau ya bar ɗaya, zai sake biyan kuɗin wannan kwancewa bayan 'yan watanni. Dalili na uku, sabon bel yana da ƙarfin ja fiye da tsoho, tsohon boris da ya saba da sassauci kuwa ba ya daɗewa a ƙarƙashinsa.

A wasu motocin fambel ne ke juya famfo. A irin waɗannan ba dole ba ne a canja su rana ɗaya, sai dai a duba famfon tun da an riga an buɗe. Saboda haka Hajiya, tambayar da za ki yi wa fita ita ce: "A motar nan, wane bel ne ke juya famfon?" In ya ce na tayimin ne, ki sa ya nuna miki. In haka ne, ki biya a yi aikin gaba ɗaya.

TSOHUWAR TA'ADA DA SABON INJI

Ina ganin akwai abin da ya sa wannan magana ke yi mana wuyar shiga, mu mutanen Kumasi. Allah Ya ba garin nan Magazin ta Suame, wadda tana cikin manyan matattarar masu gyaran mota da maƙera a Afirka duka. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta sojan zamanin Turawa, kusa da inda masu gyara suka fara zama kafin a mai da su Suame. Har daga Burkina Faso da Mali da Kwaddibuwa ake kawo motoci. A 1980 ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Magazin domin koya wa masu sana'a aiki da injunan sassaƙa ƙarfe da narka shi. 'Ya'yan Zango da yawa can suka yi koyo, can suke ci.

Waɗanda suka ga ƙarshen shekarun 1970 da wahalar 1983 sun san lokacin da kayan gyara suka yi ƙamfa a ƙasar nan. A lokacin ne mastocin Magazin suka nuna gwaninta: abin da babu a kanti sai a ƙera shi, abin da ya karye a ɗinke shi. Motocin zamanin kuwa, su Bedford da Peugeot 404 da 504, da sarƙa ko haƙoran ƙarfe suke tafiyar da tayimin ɗinsu. Sarƙa in ta tsufa sai ta yi ta kwaramniya wata da watanni tana ba ka labari. Daga nan muka gaji ta'adar cewa ba a taɓa abu sai ya yi kuka, in ya karye kuma Magazin na nan.

Bel na roba ya fara shiga motocin kasuwa ne a Jamus a 1962, a wata ƙaramar mota mai suna Glas, daga baya ya bazu saboda ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, kuma yana da araha wajen ƙira. Da motocin Turai da Japan da Koriya na hannu suka cika tashar Tema, sai suka zo mana da shi, amma ba su zo da littafin tarihinsu ba. Mu kuwa muka ci gaba da yi musu irin riƙon da muka yi wa Bedford. Roba ba a ɗinke ta, ba a yi mata walda. Ƙwarewar masta duk yawanta ba ta miƙe bawul da ya lanƙwashe, sai dai a sayi wani.

YAUSHE ZA A CANJA?

Kowane kamfani yana da ƙa'idarsa, amma yawanci tana faɗawa tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko shekara 4 zuwa 6, duk wanda ya riga zuwa. Astra da muke magana a kanta, kilomita 60,000 ne ko shekara 4. Shekaru suna da muhimmanci domin roba tana tsufa ko mota tana ajiye a gida. Wasu Hiace na dizal suna da fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT, wadda ke kamawa in lokaci ya yi. Na sha ganin inda aka cire ƙwan fitilar domin kada ta dami direba. Wannan daidai yake da mai zazzaɓi ya fasa ma'aunin zafi.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu lura da su a nan. Na ɗaya, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In ka ga 60,000 a mitarta, ta yi kusan kilomita 96,000. Na biyu, ba kowace mita ce ke faɗin gaskiya ba, akwai waɗanda ake mai da su baya kafin a sayar. Saboda haka duk wanda ya sayi motar hannu mai bel, in babu tabbatacciyar shaidar ranar da aka canja, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba, ya sa kuɗin aikin a cikin kuɗin sayen mota tun farko. Na uku, mita ba ta ƙirga zaman cunkoso. Tasin da ya yi rabin sa'a a tsaye a shataletalen Suame ko bakin Kejetia, injinsa na juyawa, bel na aiki, mita kuwa tana barci. Ga zafi, ga ƙurar hunturu. Mai hankali ya rage wani abu daga ƙa'idar kamfani.

Ga misali domin direbobin tasi. In kana yin kilomita 150 a rana, kwana shida a mako, ka yi 900 a mako. Kafin wata 16 ka cinye kilomita 60,000. Ka ga ba maganar shekara huɗu ba ce a gare ka.

Ba kowace mota ce ke da bel ba. Vitz da Yaris, da Corolla mai injin 1ZZ, da Nissan March, da Sprinter da ake yin trotro da ita, duk sarƙa gare su. In wani ya ce ka kawo kuɗin bel ɗin tayimin na irin waɗannan, ka ce ya nuna maka tsohon. Akwai kuma wasu sababbin ƙananan injuna na Ford da Peugeot da bel ɗinsu ke iyo a cikin baƙin mai. Waɗannan sai da ainihin man da kamfani ya ce, in ba haka ba bel ɗin ya ruɓe ya toshe hanyar mai.

Alamun famfo kuwa sun fi bayyana: ruwa na raguwa ba ka ga inda ya bi ba, danshi ko farin gishiri-gishiri a ƙarƙashin famfon, ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, allurar zafi tana hawa in an tsaya.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

Ban ce kowa ya kwance injinsa a ƙofar gida ba. Amma ya kamata mai mota ya san matakan, ya tsaya ya gani da idonsa, ko ya aiko wanda ya sani.

Da farko a bar inji ya huce, a cire kan batir. A mota mai inji a gicciye sai an ɗaga ta an cire ƙafar gaba ta gefen bel, a tallafe inji daga ƙasa, a kwance ƙarfen da ke riƙe shi. A cire fambel da fulin ƙasa da murafu.

Kafin a taɓa tsohon bel, a juya inji da hannu har alamomin da kamfani ya yi a jikin fulin sama da na ƙasa su yi daidai da na jikin inji. Masta nagari yakan ƙara tasa alamar da fenti. Kai ma ka ɗauki hoto da wayarka. In kamshaf biyu ne, a kulle su da abin kullewa don kada su zame. Bayan an cire bel, kada wanda ya juya sandar sama ko ta ƙasa.

Sai a zubar da ruwan inji, a kwance famfo, a kankare mazauninsa tas, a sa sabo da sabon gasket ko zoben robarsa. A yi hankali da gam. Wasu yara sukan lafta shi kamar suna shafa man gyaɗa a burodi, ragowar ya ɓalle ya shiga ciki ya toshe lagireto. A ɗaure ƙusoshi bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran ba.

A duba robobin da ke tare baƙin mai a bakin karanshaf da kamshaf. In suna jiƙe a canja su yanzu, domin mai yana cin bel. A sa sabon tenshina da sabuwar gargarar da bel ke bi ta kanta. Su ma boris gare su, kuma shekarunsu ɗaya da tsohon famfo.

A gwada sabon bel da tsoho, a ƙirga haƙora, a dubi faɗi. In akwai kibiya a jikinsa ta fuskanci inda inji ke juyawa. Ba a lanƙwasa shi, ba a ɓanɓara shi da sukundireba. Ɗauri ya zama daidai: in ya yi tsauri zai yi kuka ya kashe boris ɗin sabon famfo, in ya yi sako-sako zai tsallake haƙori.

Daga nan sai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. A juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a sake duba alamomi. In an ji ya tokare, a tsaya, akwai kuskure. Haƙori ɗaya in ya goce, mota za ta tashi amma ba ƙarfi, ga shan mai. In gocewar ta yi yawa, bawul ne zai tafi tun a gareji.

A ƙarshe a zuba ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, a bar inji ya yi zafi har fanka ta kama, a leƙa ko akwai ɗiga. Sa'an nan a rubuta kwanan wata da lambar mita da fenti a jikin murfi, ka kuma rubuta a ɗan littafi ka ajiye tare da takardun mota. Ka karɓi tsofaffin kayanka ka tafi da su.

KAYA DA RUWA

Mutanenmu suna son kayan hannu da ake saukewa daga Turai, kuma gaskiya ne ƙofa ko giya ko altaneta na hannu sau da yawa sun fi sabon jabu. Amma ban da bel, ban da famfon ruwa, ban da tenshina. Tsohon bel an riga an cinye kwanansa a wata ƙasa. Ka nemi sabo na kamfanin da aka sani, irin su Gates da Continental da Dayco, famfo kuwa irin su Aisin da GMB. Ka sani kuma ana buga kwalin ƙarya da sunayen nan, ko a Magazin ko a Abossey Okai ta Accra. Ka tafi da lambar injinka wurin mai kantin da ka san zai karɓi kayansa in sun ba da matsala, ka karɓi rasit. In kuɗin ya yi sauƙi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado.

Abin da ke kashe famfo da wuri a wurinmu shi ne ruwan da muke zubawa. Ruwan famfo da na rijiya da na leda duk suna kawo tsatsa, su cinye fukafukan famfon, su lalata robar da ke tare ruwa. Ruwan inji mai launi da ake sayarwa a galan yana da maganin tsatsa, kuma ya fi jure zafi. Wasu suna cewa na ƙasashen sanyi ne, mu ba mu da ƙanƙara. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da tsatsa. Murfin lagireto ma a duba shi. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Tamostat kuma da ake cirewa a jefar da zarar mota ta sauka daga jirgi, a bar shi a wurinsa, in ya lalace a sa sabo.

IN ABU YA FARU A HANYA

In kana tafiya inji ya mutu farat ɗaya, ka murɗa makulli ka ji yana juyawa da sauri ba nauyi kamar kullum, ka cire hannunka. Kada ka sake murɗawa, kada ka sa a tura. Kowane juyi yana iya ƙara ɓarna. Ka kauce daga kan titi, ka sa alama a baya, ka nemi janwe. In kuwa allurar zafi ce ta hau, ka tsaya ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska ta haka. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, kansa zai iya tsagewa.

Kakanninmu fatake da suka riƙa ɗauko goro daga ƙasar Asante da Salaga zuwa Kano, madugu ba ya tayar da ayari sai ya bi jakuna ɗaya bayan ɗaya ya duba kofato da igiyar kaya, domin ya san igiyar da ta tsinke a daji ta fi ta gida tsada. Daga nan zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, Bolga da Bawku kuwa sun fi haka nisa. Duk mai niyyar zuwa arewa da iyali, ya duba murfin injinsa tun yanzu, ba daren tafiya ba.

Ga masu cewa kuɗin ya yi yawa a biya lokaci ɗaya, shawarata ita ce a buɗe masa adashi nasa, irin susu da muka saba. Direba ya riƙa ware ɗan abu kowace rana da sunan bel da famfo, mai mota kuma ya sa wannan a cikin yarjejeniya tun ranar da zai miƙa makulli, a san wa zai biya, a san yaushe. Ƙanena yanzu haka yake yi. Ya gama biyan motarsa, kuma in ka buɗe bonet ɗinsa za ka ga kwanan wata da jan fenti, rubutun har ya fi na allon makaranta girma.

Hajiya, da ɗan'uwana na Aboabo, ina fatan kun sami amsa. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar birki da man birki, saboda damina na tafe. Mai tambaya ya aiko da wasiƙarsa ofishin jarida da Hausa ko da Turanci, ya faɗi irin motar da shekararta. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.